Ruwan Kagara na Ranar Alhamis

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mutum bakwai sunka zo daga Kagara. Ba su yarda sun shiga zaure ba, a ƙofar gida sunka tsaya. Ɗayansu, wani dogo mai furfura da na ji suna ce ma Malam Faruk, ya cire hularsa cike da busasshen dashen albasa ya zazzage a bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya ina gidan nan na Goronyo, ba a taɓa zazzage mani abu a ƙofa ba.

Sun ce ɗiyata ta sace masu ruwa. Ita ke riƙe da injinan ban-ruwa na ƙungiyar manoman rani, fanfo arba'in da biyu masu aiki da hasken rana, daga kwamfutarta suke tashi suke tsayawa. Sun ce ruwansu na Alhamis bai zo ba, ɓangaren yamma kuwa ya sha sau biyu cikin mako guda. A ɓangaren yamma gonar ƙanena Zayyanu take. Ba sai an yi ma kowa bayanin sauran ba.

Ɗiyar fari ce, ba na faɗin sunanta, ba na rubuta shi. Haka anka rene mu. Gari na ce mata Injiniya, nan ma haka zan ce.

Da sunka tafi ta shigo ɗakina ta ce, "Inna, wallahi ban taɓa tsarin ba." Na faɗa mata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Ni na share ƙofar da hannuna.

Asabar, 22 ga Nuwamba, hantsi

Ba ta sha kunu ba.

Asabar, bayan azahar

Takarda daga Alhaji Attahiru, shugaban ƙungiya. An dakatar da ita har ranar taro, 6 ga Disamba. Ran nan za a yanke ko a kore ta. Sun kuma rufe makullinta, wato lambar sirrin da take shiga aikin da ita.

Ta karanta ta yi wata dariya da ban so ba. Ta ce ita da kanta ta tsara cewa shugaba na iya rufe makullin kowa, don in wani ya ɓaci a iya tsai da shi. Ta ce akwai littafi a cikin na'urar, duk wanda ya taɓa wani abu sai ta rubuta sunan makullinsa da ƙarfe nawa. Na ce to a buɗe littafin. Ta ce sai da makulli.

Na sha gaya mata aikin da mutum ɗaya kaɗai ya gane, ranar da ya lalace mutum ɗaya kaɗai za a nuna. Yaran yanzu sai ka yi magana su ce ba ka san zamani ba.

An tura ma Kagara ruwa yau. Dashen da ya mutu ya riga ya mutu.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan dawowa kasuwa

Ban fasa zuwa kasuwa ba, kuma ban rufe fuska ba. Da na iso rumfar masu kayan miya, matan da na koya ma karatu da rubutu a ajin manya suna ta duban tattasai kamar yau sunka fara ganinsa. Allah ya shirye su.

Yayata ta kira daga Wurno, wai magana ta kai can. Duk makon jiya ina gidanta wajen suna, shi ya sa sai yau na ji a kasuwa cewa Malam Atiku na Kagara ya rasu Lahadin da ta wuce. Matarsa Larai ɗalibata ce. Dole in je gaisuwa, ko za su jefe ni.

Na sayo kifi. Ba don kowa ba, ya yi kyau ne.

Ba ta ci ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, hantsi

Na ce ta zauna ta yi mani bayanin aikin nan daga tushe. Shekara biyu tana yi ban taɓa tambaya ba. Ta ce zai yi mani wuya. Na ce na gama sakandare a Rabah tun malamanta na rarrafe, ta yi magana.

Ga abin da na fahimta. Kwamfutocin da ke ba injinan umarni ba su ofishin ƙungiya, ba su ma ƙasar nan. Hayarsu ake yi a wata ƙasa, ana isa gare su ta intanet, shi suke ce ma gajimare. Ita ba ta bin fanfo ɗaya bayan ɗaya. Tsari guda ta rubuta: wane ɓangare ke sha wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kwamfuta nawa ake buƙata, wa ke da izinin taɓa mi. Sannan ta ɗora wata manhaja a kai, ni na sa mata suna Mai-gadi. Kullum ƙarfe biyu na rana Mai-gadi na duba abin da ke gudana ya gwada da abin da ke rubuce. In ya ga bambanci, ya maida komai yadda anka rubuta.

Na ce, "Ba ya tambaya?"

"Ba ya tambaya."

"Ko da dalili anka canza?"

"Bai san dalili ba, Inna, rubutu ya sani." Ta dube ni ta gefen ido. "Kamar ke da butar alwala. Ko wa ya matsar da ita, sai ki maida ta gindin ginshiƙi, ba ki taɓa cewa don mi ba."

Wurin buta gindin ginshiƙi ne. Rashin kunya ce, amma ita ce doguwar maganarta ta farko tun Juma'a, na bari.

Kafin Mai-gadi, duk rani sai an fasa kan wani a bakin ruwa. Mai buɗe fanfo ya yi barci, ko ya fifita surukinsa, ko ya tafi ɗaurin aure da makulli a aljihu. Shekara biyu ba a yi faɗan ruwa ba, ba wanda ya taka ƙofar nan da godiya. Mako ɗaya anka samu matsala, ga mutum bakwai. Haka ɗan Adam yake.

Abu ɗaya ke cin ta. Ta ce, "Don mi suke ta cewa ruwan Alhamis? A tsarina ranar Kagara Litinin ce. Alhamis ta yamma ce tun asali." Ranar Alhamis ɗin tana ƙauyen Maikujera tana duba wasu injina inda ba sabis, ba wanda ya same ta.

Talata, 25 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je Kagara. Da na shiga gidan, mata biyu sunka janye tabarmarsu. Na zauna a ƙasa, ba a kan tabarmarsu zan yi addu'a ba.

Larai na takaba, ta rame. Ta ce, "Malama Safara'u, ke ta? Kin yi ƙoƙari da kinka zo."

Munka yi ma mamaci addu'a. Da ɗakin ya rage ta riƙo hannuna ta ce, "Ni ban riƙe ɗiyarki a rai ba, amma alkawali anka yi muna. Ranar da anka kai Malam, ta katanga nike jin Malam Isa sakataren ƙungiya. Yac ce ma maza kar kowa ya damu da ruwan Litinin, a ba yamma, mu mu sha Alhamis bayan sadakar uku, yadda anka saba."

Na ce, "Wa zai canza ranar?"

"Yac ce shi, da wayarshi. Wai ba sai an dame Injiniya ba, Alhaji ya ba shi lambarshi. Da Alhamis ta zo ba ruwa, yac ce shi dai ya gyara, sai dai in ita ta warware."

Ban san lokacin da na ce inna lillahi ba.

Tun ana buɗe ma ruwa hanya da fartanya, garin da anka yi rasuwa ba ya fita gona kwana uku. Maƙwabta su sha ranarsu, in an yi sadakar uku su rama masu da tasu ranar. Ba a rubuce yake ba, ba a kuma tambaya. Na san wanga tun ina shekara bakwai. Na koya ma yarinyar nan wanke hannu, na koya mata gaida manya, na koya mata kar ta ci a tsaye. Wanga ban koya mata ba. Makarantar kwana tun tana sha ɗaya, daga nan jami'a. A ina za ta sani?

Talata, bayan magariba

Na gaya mata. Ban kai ƙarshe ba ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Shi ke nan, Inna! Ya canza da hannu da safiyar Litinin, yamma ta sha. Ƙarfe biyu Mai-gadi ya zo ya ga ba haka ke rubuce ba, ya maida Alhamis ga yamma. Sun sha ta Kagara, sun sha tasu."

Na ce ta zauna, mace ba ta ihu da magariba.

Ta ci tuwo malmala biyu, da sauran kifin. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Laraba, 26 ga Nuwamba, hantsi

Na aika anka kira mani Zayyanu. Ya shigo yana ta gaisuwa mai tsawo, alamar mara gaskiya.

Na ce, "Ruwan Litinin da ka sha, na wa ne?"

"Yaya, ai kowa ya sani, na makoki na."

"Na Alhamis fa?"

Ya sosa ƙeya. "To, mun ga fanfo ya tashi. Munka ce ƙila an sake shawara."

"Ku goma sha tara, ba wanda ya ɗaga waya ya ce wanga ruwa na marayu ne?"

"Yaya, albasa ba ta ƙin ruwa."

Na ce albasa ba za ta tsaya gaban Allah ba, shi zai tsaya. Kwana biyar ana jan sunan ɗiyar 'yar'uwarsa a ƙasa saboda gonarsa, yana gida yana shan fura. Na ce yana da sauran iri a lambu da bai dasa ba, na gani. Gobe ya cire shi ya kai Kagara, ya fara da gonar Larai, shi da mutanen yamma su dasa da hannunsu. Ya ce irin na gonarsa ta biyu ne. Na dube shi kawai. Ni na goye shi, ya san wanga kallo.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, bayan azahar

Zayyanu ya kai iri, amalanke biyu.

Ta rubuta ma Alhaji Attahiru tana roƙo a buɗe littafin na'ura. Amsa da baki ta zo, wai sai ranar taro. Ya kuma ɗauko wani surukinsa daga Sakkwato mai shagon kwamfuta, ya kashe Mai-gadi. Wai ba su son abin da ke aiki ba da sanin mutum ba, za su koma yi da hannu.

Ta ce, "Fanfo arba'in da biyu, da hannu." Ta koma ɗaki.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, asuba

Mako ɗaya ke nan da maganar da na faɗa. Ta gaishe ni, na amsa.

Asabar, 29 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da hannu ɗin ke nan. Jiya sun manta da fanfo guda a gabas, ya wuni yana zuba har tumatirin mutum uku ya nutse. Yau sun ba wani layi ruwa ƙarfe biyar na yamma, rana ta tafi, injin ya yi tari ya tsaya. An ce an ja wuyan riga a bakin ruwa.

Na ji daɗi. Na yi istigfari, don tumatirin bayin Allah ne. Da na gama istigfarin na sake jin daɗi kaɗan.

Litinin, 1 ga Disamba, hantsi

Na aika a gaishe mani da Malam Isa. Gaisuwa kawai, da cewa na je Kagara na ga Larai.

Litinin, bayan la'asar

Ya zo. Ya tsuguna a zaure yana murza hula.

Ya ce, "Malama, alheri na yi nufi. Mutane na makoki."

Na ce na sani, canza ranar ba laifi ba ne, ko ni ce haka zan yi. Laifin ya fara ne ranar Alhamis, da ya buɗe baki ya ɗora ma wadda ba ta wurin. Ya ce in ya faɗi gaskiya zai tona Alhaji, don an hana ba kowa lambar shugaba. Na ce wanda ya ji tsoron Alhaji fiye da Wanda ya halicci Alhaji ya zaɓi abin tsoro ƙarami. Ya tashi ya tafi.

Ban ba shi ruwa ba. Wanga kuskure ne, baƙo baƙo ne.

Talata, 2 ga Disamba, bayan azahar

Duk fanfunan sun tsaya. Duka arba'in da biyu.

Laraba, 3 ga Disamba, bayan azahar

Zan rubuta wanga da kyau, don jikoki.

Ƙarfe takwas da rabi na safe Alhaji Attahiru ya yi sallama da kansa. Surukin nasa ya ga jerin kwamfutocin haya a cikin gajimaren, ya ce sun yi yawa, ya goge waɗanda yake zaton ba su da aiki. Ashe su ke magana da injinan. Ya koma Sakkwato tun jiya, wayarsa a kashe. Sabon dashen Kagara kwanansa shida, yau yake jiran ruwa.

Alhaji ya ce, "Malama, a taimaka. A sa baki."

Ta fito da hijabinta ta tsaya bakin zaure, ta gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ta ce, "Alhaji, sai an karanta littafin a gaban mutanen Kagara, sannan in taɓa."

Na ce, "Albasa ba ta zazzage miki komai a ƙofa ba. Ki ba ta ruwa."

"Inna, in na gyara sunka samu abin da suke so, wa zai sake saurarena?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Ke, Inna?"

 Na san ranar da take nufi, Juma'ar da na faɗa mata maganar nan.

Na juya ga Alhaji na ce za ta gyara yanzu, ba sharaɗi. Amma ranar Asabar zan zo taro. In ba a karanta littafin nan ba, zan tashi a tsakiyar maza in kira sunan ɗiyata da bakina, in faɗi abin da na ji a Kagara. Alhaji ya dube ni. Ya san mi ake nufi in mace irina ta ce za ta kira sunan ɗiyar fari a bainar jama'a. Ya ce, "Ba za a kai nan ba, Malama." Ya ciro waya ya buɗe makullinta.

Ƙarfe tara da minti goma ta fara, na duba agogo. Na zaci za ta wuni. Ashe tsarin da ta rubuta yana ajiye wani wuri daban, surukin bai kai gare shi ba. Ta ta da Mai-gadi, ta buga layi uku ko huɗu, ta janye hannunta. Rubutu ya riƙa gangarowa shi kaɗai, layi na bin layi. Ta ce yana gina duk abin da anka goge, ɗaya bayan ɗaya, yadda ke rubuce.

Ana tsakiya sabis ya ɗauke. Komai ya tsaya cik. Duk ilmin nan, duk gajimaren nan, sai ga Injiniya ta hau turmi a bakin garken awaki tana ɗaga waya sama, Alhaji Attahiru da babbar riga yana riƙe mata kwamfuta, akuya na cin bakin rigar. Minti goma sha ɗaya. Ban yi dariya ba sai da na shiga madafa.

Goma saura minti biyu ta ce an gama. Abin da ta ce ta yi wata huɗu tana ginawa da farko. Ta sa Kagara a gaba, a rubuce, don kar Mai-gadi ya warware.

Wayata ta yi ƙara, Zayyanu ne daga gonar Larai, yana ihu kamar ba dattijo ba. "Yaya! Ya taso! Ruwa ya taso!" Ina jin ƙarar ruwan ta wayar, da kabbara.

Na ce ya rage murya. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Alhamis, 4 ga Disamba, hantsi

Ta ga littafin. Ta ce komai na nan. Na ce kar ta nuna ma kowa sai Asabar, gaskiya ba ta gaggawa.

Asabar, 6 ga Disamba, bayan la'asar

An yi taron a inuwar itacen bedi gaban ofis, maza sun fi ɗari biyu. Mu mata muna gefe. Na sa lufayata fara.

Ta karanta da lasifika, da Hausa. Litinin 17 ga Nuwamba, shida da minti goma sha biyu na safe, an canza ranar Kagara da ta yamma, da makullin shugaba. Ƙarfe biyu na rana, Mai-gadi ya maida. Makullin Injiniya bai taɓa komai ba tun ranar tara ga Nuwamba har anka rufe shi.

 Malam Isa ya miƙe tun ba a kira shi ba, ya faɗi komai, har maganar Alhamis. Allah ya ba shi ladan wagga miƙewa. Alhaji ya ce shi ya ba da lamba, ya nemi afuwa. Anka fara kabbara.

Sai yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce ba ta gama ba.

Ta ce ita ma tana da nata. Da Mai-gadi ya maida tsarin, ya aiko mata da sanarwa, da Turanci, cikin akwatin saƙon da irinta ke shigowa ɗari a rana, har ta daina dubawa. Da ta duba ranar Litinin, da Kagara ta sha Alhamis. Ta ce kuma ta yi tsarin da ba ya da ƙofar da sakatare zai bi in lalura ta taso, shi ya sa ya haura katanga.

Raina ya ɓaci. An wanke ki, ki tsaya kina shafa ma kanki? Sai na tuna wa ta koya mata cewa rabin gaskiya ƙarya ce. Na gyara zama.

Malam Faruk mai hula ya tashi. "To ke Injiniya, wanga inji naki bai san mutuwa ba?"

"Bai sani ba, Baba. Abin da anka rubuta mashi kaɗai ya sani. In an rubuta daidai zai yi daidai a fanfo arba'in da biyu ba gajiya. In an bar wani abu, zai yi kuskuren a duka, shi ma ba gajiya."

"Ke kin san al'adar makoki?"

"Ban sani ba sai makon jiya."

"Wa yag gaya miki?"

"Innata. Ita ta je Kagara."

Kawuna sunka juyo. Na dubi ƙasa, ba ni da abin kallo a wajen maza.

Ba a ma kaɗa ƙuri'a ba. Malam Faruk ya ce wanda ke son a kore ta ya tashi ya je ya riƙe fanfo arba'in da biyu da hannu. Dariya ta tashi har Alhaji.

Litinin, 8 ga Disamba, hantsi

Mutum bakwai ɗin sun dawo. Yau sun shiga zaure. Malam Faruk ya ce a ba shi tsintsiya ya share ƙofar. Na ce an riga an share, su zauna su sha fura. Na ba su ruwa kafin su tambaya.

Talata, 9 ga Disamba, bayan azahar

Ta zaunar da ni da dattawa uku a zaure, Larai a waya, tana tambaya tana rubutawa. Kwana nawa ake makoki. In rasuwa ta faɗo gari biyu fa. In Sallah ta matsa da kwana ɗaya fa. Ta saka ma Malam Isa maɓalli a wayarsa, da Hausa, da makullin kansa. In ya danna makoki, canjin zai shiga cikin rubutaccen tsarin, kuma saƙo ya je wayar ɓangarorin biyu. Za ta koya ma mutum biyu aikin, don kar ya zama ita kaɗai. Wagga shawarata ce tun bara, amma ban tuna mata ba. Sau ɗaya kawai.

Laraba, 10 ga Disamba, bayan magariba

Na shiga ɗakinta. Na ce maganar ranar Juma'a. Ban iya ƙarasawa ba. Ta ce ta manta. Ba ta manta ba, amma ta matsa mani wuri a kan gado na zauna.

Alhamis, 18 ga Disamba, ƙarfe biyu da rabi na rana

An yi rasuwa a ɓangaren gabas jiya, Allah ya jiƙan baiwarsa. Malam Isa ya danna maɓallin. Kagara ce za ta sha ranarsu ta rama masu.

Biyu saura na ɗauko agogo na zauna kusa da ita. Biyu ta buga. Mai-gadi ya zo ya duba, ya ga makoki a rubuce, ya wuce bai taɓa komai ba.

Da zan fita na ga butar alwala a bakin rijiya. Na kai hannu, sai na tsaya na ce wa ya kawo ta nan, don mi. Ta ce ita ce, gindin ginshiƙi tururuwa sun yi gida. Na duba, haka ne. Na bar ta.

Bakina ba zai faɗa ba, ba haka anka rene mu ba. Amma littafin nan nawa ne, kuma abin da ke rubuce shi ke tsayawa.

Juwairiyya. Ɗiyata Juwairiyya ba ta saci ruwan kowa ba.